Amurka: Yadda karta marar iyaka ta mamaye gidajen caca

Har zuwa farkon shekarun 2000 da wuya mutum ya samu teburin kartar foka marar iyaka a gidajen cacar Amurka in ba a lokacin gasa ba. A yanzu kuwa mai neman teburi mai iyaka shi ne ke shan yawo. Wannan sauyi ya taɓa aljihun ɗimbin jama'a, ya kuma tilasta wa wasu jihohi yi wa dokokinsu kwaskwarima.

A ranar 16 ga watan Yulin shekara ta 2025 wani ɗan jihar Florida mai suna Michael Mizrachi ya lashe babbar gasar kartar foka ta duniya a birnin Las Vegas, inda ya tashi da dala miliyan 10. Mutane 9,735 ne suka shiga gasar, kuma kowace kujera dala dubu 10 ce. Makonni kaɗan kafin haka, a dandali guda, Mizrachin ya lashe wata gasar ta daban a karo na huɗu, wadda kuɗin shigarta ya kai dala dubu 50, kuma wadda ƙwararrun 'yan karta ke ɗauka ita ce zakaran gwajin dafi. To sai dai waɗanda suka shiga wannan ta biyun ba su wuce mutum ɗari da 'yan kai ba.

Tsadar kuɗin shiga na daga cikin dalilan wannan rata, amma akwai wani dalilin. A babbar gasar ana buga wasa guda ne, wanda ba shi da iyakar abin da mutum zai zuba. A ɗayar kuwa ana jujjuya wasanni iri-iri, akasarinsu masu iyaka, irin waɗanda a da su ne abincin yau da kullum na ɗakunan karta a Amurka, a yanzu kuma sun zama sana'ar 'yan tsiraru.

Lambobin da ke kan allo

Duk wanda ya shiga ɗakin karta na wani babban gidan caca zai fara cin karo ne da allo mai ɗauke da jerin teburori da sunayen masu jiran kujera. A gaban kowane teburi akwai lambobi biyu. Wani an rubuta 4-8, wani kuma 1-2 ko 1-3. Baƙon da bai san dawan garin ba zai ɗauka teburin 1-2 shi ne na masu ƙaramin ƙarfi, kuma daga nan ne da yawa ke fara tafka kuskure.

Wasan dai iri ɗaya ne a teburorin biyu, wato samfurin da ya samo asali daga jihar Texas. Ana ba kowane ɗan wasa karta biyu a rufe, sa'annan a buɗe wasu biyar a tsakiyar teburi daki-daki, uku da farko, sai ɗaya, sai kuma ɗaya, waɗanda kowa ke da ikon haɗawa da nasa. Sau huɗu ake zagayawa ana zuba kuɗi a kowane rabo. In zagaye ya zo kan mutum yana da zaɓin ya biya daidai abin da na gabansa ya zuba, ko ya ƙara a kai, ko ya ajiye kartarsa ya haƙura da abin da ya riga ya zuba.

A teburin 4-8, wanda shi ne mai iyaka, kowane zubi ko ƙari dala 4 ne a zagaye biyu na farko, dala 8 a biyun ƙarshe, ba ragi ba daɗi. Kazalika yawancin gidaje kan ƙayyade yawan ƙarin da za a yi a zagaye guda zuwa uku ko huɗu muddin masu ja sun wuce mutum biyu. Idan aka tsaya a kan uku, to ko da an ƙure maleji a dukkan zagaye huɗun, asarar mutum a rabo guda ba za ta wuce dala 96 ba, kuma ba kasafai ake kai ko rabin haka ba.

A teburin 1-2 kuwa, dala 1 da dala 2 ɗin zubin dole ne kawai da mutum biyu ke ajiyewa kafin a raba karta. Daga nan kowa na da ikon tura duk abin da ke gabansa a duk lokacin da ya ga dama. Wanda ya zauna da dala 300 na iya rasa su baki ɗaya kafin shayinsa ya huce.

Wannan bambanci na sauya lissafin wasan tun daga tushe. A ɗauka akwai dala 72 a tsakiyar teburi mai iyaka, sai wani ya zuba dala 8 a zagayen ƙarshe. Abokin karawarsa zai biya dala 8 ne domin neman dala 80, wanda ke nufin ko da sau ɗaya cikin 11 zai yi nasara bai faɗi ba. Saboda haka kusan kullum sai ya biya ya ga ƙwal uwar daka, kuma burga ba ta cika tasiri ba. Amma a teburi marar iyaka, idan akwai dala 80 a tsakiya wani ya tura dala 200, to mai amsawa na bukatar ya yi nasara fiye da sau huɗu cikin goma kafin ya fita kunya. A nan mai kartar banza na iya korar mai karta mai kyau da tsabar barazana, haka kuma kuskure guda na iya share ribar mako guda.

Ko da yake ana kiran wasan marar iyaka, akwai wata ƙa'ida da gidajen caca ke bi, wadda ta ce ba a cin mutum fiye da abin da ke gabansa a kan teburi lokacin da aka raba karta. Attajiri ba zai kori talaka da girman aljihu ba, kuma ba wanda zai jefa makullin mota ko takardar gida a tsakiyar wasa kamar yadda ake gani a finafinai. To amma fa ƙa'idar ta tsaya ne a kan rabo guda. Da zarar an gama shi wanda aka cinye na iya sake sayen ƙwandalolin caca, kuma na'urar cirar kuɗi ba ta da nisa da ƙofa.

Dalilin da gidajen caca suka fi son iyaka

Domin gane yadda aka faro, wajibi ne a san yadda gidan caca ke samun kuɗi daga foka. A sauran wasanni gidan ne ke karawa da baƙonsa, kuma an tsara lissafin yadda a ƙarshe gidan ne zai yi rinjaye. A foka kuwa 'yan wasa ne ke cin junansu, gidan ya ba da teburi da mai rabo ya yanki la'ada. A akasarin ƙananan teburori la'adar kan kasance kashi 10 cikin ɗari na kuɗin tsakiya har zuwa wani mizani da ba ya wuce 'yan daloli, kamar biyar ko shida.

Kuɗin ba shi da yawa a ido, amma mai rabo kan raba karta kusan sau 30 a sa'a guda. Idan alal misali mutum tara suka zauna da dala 200 kowannensu, gidan kuma yana yankar dala 100 a sa'a, to cikin sa'o'i 18 dukkan dala 1,800 ɗin za su koma akwatin gidan in ba a shigo da sabon kuɗi ba. Bukatar gidan ke nan a daɗe ana wasa, kuɗi na ta kaiwa da komowa tsakanin 'yan wasa, shi kuma yana tsakura a kowane wucewa. Mai tatsar saniya ba ya fatan a yanka ta. Abin da manajojin ɗakunan karta suka daɗe suna tsoro game da wasa marar iyaka shi ne ƙwararre ya yi wa rago tas cikin dare guda, ragon ya tafi gida ba zai dawo ba, ƙwararren kuma ya fice da kuɗin da da an bi a hankali gidan ne zai ci rabinsu.

Wannan ne ya sa duk da cewa 'yan cacar Texas irinsu Doyle Brunson da Amarillo Slim sun kawo wasan Las Vegas tun cikin shekarun 1960, kuma gasar duniya da Benny Binion ya ƙirƙiro a gidan cacarsa na Horseshoe a 1970 ta mai da shi babban wasanta tun daga 1971, wasan ya kasance tamkar kayan sallah, a fito da shi sau ɗaya a shekara a mayar. A lokacin da aka halatta samfurin Texas a ɗakunan kartar Kalifoniya a 1987, mai iyaka ne ya bazu. Haka ma da birnin Atlantic City ya buɗe teburorin foka a 1993. Hatta dandalin farko da ya fara karɓar kuɗi a intanet, wato Planet Poker a 1998, da teburi mai iyaka ya soma.

Kyamara da wani akanta

Talabijin ce ta rusa wannan tsari. Kallon foka a da ba shi da wani armashi, domin mai kallo ba ya ganin kartar da ke rufe, sai dai fuskokin mutane a murtuke. A 1999 tashar Channel 4 ta Birtaniya ta fara wani shiri da ke ɗaukar kartar 'yan wasa ta ƙarƙashin gilashin teburi, kana a watan Maris na 2003 shirin World Poker Tour ya kawo irin wannan dabara ga masu kallo a Amurka. Mai kallo ya samu damar sanin abin da 'yan wasan da kansu ba su sani ba. Kuma abin da kyamara ke bukata shi ne mutum ya tura dukiyarsa tsakiyar teburi ya miƙe tsaye yana jiran karta guda ta yanke masa hukunci. Ƙarin dala 8 a kan dala 8 ba ya hana kowa barci.

A watan Mayun wannan shekarar ne kuma wani akanta daga jihar Tennessee mai suna Chris Moneymaker, wanda ya samu kujerarsa ta hanyar gasar share fage a dandalin PokerStars a kan kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya doke sauran mutane 838 ya karɓi dala miliyan 2 da rabi. Wani abin lura shi ne, rabon da aka fi tunawa da shi a karawarsa ta ƙarshe da ƙwararren ɗan caca Sam Farha burga ce zalla, inda ya tura duk abin da ke gabansa alhali kartarsa ba ta da komai, Farha kuma ya ajiye wadda ta fi. A teburi mai iyaka da Farha ya biya zubi guda ya kama shi, da kuma tarihin wasan ya bi wata hanyar daban.

Alƙaluman shekarun da suka biyo baya sun isa shaida. Daga mutum 839 a 2003, masu shiga babbar gasar sun kai 2,576 a 2004, sai 5,619 a 2005, sa'annan 8,773 a 2006, lokacin da wanda ya yi nasara ya karɓi dala miliyan 12. Dokar da shugaba George W. Bush ya rattaba wa hannu a watan Oktoban 2006, wadda ta hana bankuna hada-hadar kuɗaɗen haramtacciyar caca ta intanet, ta rage adadin zuwa 6,358 a 2007, kana a ranar 15 ga watan Afrilun 2011 hukumomin tarayya suka ƙwace adireshin manyan dandalolin foka uku da ke hulɗa da Amurkawa. Waɗannan matakai sun rage kasuwar, amma ba su sauya ɗanɗanon jama'a ba. A 2023 gasar ta haura mutum dubu 10, a 2024 kuma ta kafa tarihi da 10,112.

Iyaka ta tashi daga zubi ta koma ƙofa

Matasan da suka kwararo ɗakunan karta bayan 2003 abin da suka gani a talabijin suke nema, gidajen caca kuwa tsoronsu na da yana nan. Maganin da aka samo shi ne a bar zubi a sake amma a ƙayyade abin da mutum zai zauna da shi. Daga nan ne teburin 1-2 ya samo asali, inda ba a yarda mutum ya sayi ƙwandalolin da suka wuce dala 200 ko 300 a tashi guda ba.

Ana gabatar da wannan mataki a matsayin kariya ga sabon shiga, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma a haƙiƙa gidan ne ya fi cin moriyarsa, domin ya raba asarar ɗan wasa gida-gida yadda ba zai ji zafinta a tashi guda ba. Mutumin da ba zai taɓa yarda ya ajiye dala dubu a kan teburi ba na iya rasa su a dare guda, dala 200 sau biyar, kuma kowane karo yana ganin wannan ne zai dawo da na baya.

Duk da haka foka ba ta taɓa zama babbar hanyar samun kuɗi ga gidajen caca ba. A 2024 gidajen cacar jihar Nevada sun samu dala biliyan 15.6, kuma rabon foka a ciki bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. Filin da teburi guda ke ci ya fi kawo riba in aka jera masa na'urorin caca, waɗanda ba sa bukatar albashi. Shi ya sa manajan da ke da teburori ƙalilan ba ya ɓata ɗaya a kan wasan da ba shi da masu jira, wanda hakan ya ƙara matse wasa mai iyaka.

Jihohi sun bi sahu

A wasu jihohin gwamnati ce ta sa iyakar, ba gidajen caca ba, kuma yadda aka warware ta na nuna inda iska ke kaɗawa. A Florida dokar farko ta ɗakunan karta a tsakiyar shekarun 1990 ta hana kuɗin tsakiya wuce dala 10. A 2003 aka mai da iyakar dala 2 a kowane zubi. A 2007 aka halatta wasa marar iyaka bisa sharaɗin kada kuɗin zama ya wuce dala 100, abin da ya haifar da wani yanayi na ban mamaki, domin a teburorin da zubin dolensu ke da girma dala 100 ba ta isa a yi wata dabara ba, sai wasan ya koma a-yi-ta-ta-ƙare tun daga zagayen farko. A ranar 1 ga watan Yulin 2010 aka janye iyakar baki ɗaya, a ƙarƙashin dokar da ta zo tare da yarjejeniyar caca tsakanin jihar da ƙabilar Seminole.

A Colorado kuwa, inda aka halatta caca a 1991 a garuruwan haƙar ma'adinai uku, wato Black Hawk da Central City da Cripple Creek, an shafe kusan shekaru 18 iyakar zubi na kan dala 5. Masu jefa ƙuri'a suka amince a ɗaga ta zuwa dala 100 daga 2009, sa'annan a zaɓen watan Nuwamban 2020 suka ba garuruwan ikon cire ta, aka kuma cire a watan Mayun 2021. A duka karon biyu an yi wa jama'a alkawarin cewa ƙarin harajin da za a samu zai tafi ga ƙananan kwalejoji. Da wuya ɗan siyasa ya fito ya ce yana adawa da kuɗin makaranta, kuma masu neman sauyin sun san da haka.

A daura da haka, Birtaniya ta kama hanyar da ta saɓa, ko da yake a kan na'urori ne ba teburin karta ba. A watan Afrilun 2019 ta rage mafi girman zubi a na'urorin shagunan caca daga fam 100 zuwa fam 2, kana a 2025 ta sa iyakar fam 5 ga irin waɗannan wasanni a intanet, fam 2 kuma ga 'yan shekara 18 zuwa 24. Hujjar hukumomin London ita ce girman zubi da saurin maimaita shi su ne ke tantance yawan ɓarnar da mutum zai yi wa kansa kafin hankalinsa ya dawo jikinsa.

Mai iyaka ba ya nufin mai araha

Kuskure ne a ɗauka cewa teburi mai iyaka na masu tsoro ne. Wasu daga cikin manyan karawar da aka taɓa yi a Las Vegas a kansa aka yi. Tsakanin 2001 da 2006 wani mai banki daga Texas, Andy Beal, ya riƙa ƙalubalantar wani gungun ƙwararru da suka haɗa jarinsu wuri guda domin su iya tunkararsa. A watan Mayun 2004 a gidan cacar Bellagio an yi wasan ne a kan dala dubu 100 da dubu 200 kowane zubi, kuma Beal ya ci dala miliyan 11.7 a yini guda. A watan Fabrairun 2006 Phil Ivey ya karɓe dala miliyan 16.6 daga hannunsa cikin kwana uku.

Ita kanta gasar dala dubu 50 da Mizrachi ya yi fice a kanta an ƙirƙiro ta ne a 2006 sakamakon ƙorafin tsofaffin hannu cewa babbar gasar ta zama tamkar raful saboda yawan jama'a. Wasanni biyar masu iyaka aka tsara mata. Amma da aka zo teburin ƙarshe a wannan shekarar, inda Chip Reese ya yi nasara, sai aka koma wasa marar iyaka domin shi ne talabijin za ta iya sayarwa.

Masana kwamfuta ma sun auna bambancin da nasu ma'aunin. A watan Janairun 2015 wasu masu bincike a jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada, ƙarƙashin jagorancin Michael Bowling, suka sanar a mujallar Science cewa manhajarsu mai suna Cepheus ta kusa ƙure wasa mai iyaka na mutum biyu, ta yadda ko ɗan Adam ya shafe rayuwarsa yana karawa da ita ba zai iya tabbatar da ya fi ta ba. Wasan na da matsayi fiye da tiriliyan 300 da ɗan wasa zai iya samun kansa a ciki. Marar iyaka kuwa, saboda kowane adadin kuɗi zaɓi ne mai zaman kansa, yawan matsayinsa lamba ce mai sifili kimanin 160. Sai a 2017 manhajar Libratus ta jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru huɗu a rabo dubu 120 cikin kwana 20 a wani gidan caca na birnin Pittsburgh, kana a 2019 Pluribus ta yi nasara a teburin mutum shida. Ga masu wasa a intanet, inda ba a ganin fuskar abokin karawa, wannan na nufin wasa mai iyaka ne ya fara zama wanda na'ura za ta iya bugawa babu kuskure.

Wa ke biyan kuɗin?

Idan aka koma kan mutumin da ke tsaye gaban allo yana shawarar inda zai sa sunansa, lissafin da ke gabansa ba mai daɗi ba ne ta kowane ɓangare. A teburi mai iyaka kuɗinsa za su daɗe, zai ga ƙarshen rabo da yawa, kuma sa'a za ta riƙa ba shi dararen nasara da za su sa ya ɗauka ya iya. Sai dai a ƙananan teburori la'adar gida na da nauyi ƙwarai in aka kwatanta da ribar da ake fata. Tsohon ma'aunin da 'yan sana'ar ke amfani da shi shi ne ƙwararre kan samu kwatankwacin babban zubi guda a sa'a, wato dala 8 a teburin 4-8, alhali gidan na yankar ninkin haka sau goma ko fiye daga teburin. A teburi marar iyaka ribar gwani ta fi girma, amma daga aljihun wanda bai iya ba take fitowa, kuma da sauri. Tunda abin da wani ya ci wani ne ya rasa, gidan kuma ya riga ya ɗebi nasa, ala tilas jimillar 'yan wasa asara suke yi a teburorin biyu. Zaɓin da ya rage ga akasarinsu shi ne na gudun tafiyar.

Gudun kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya jarabar caca a rukuni guda da jarabar ƙwaya da barasa, kuma ɗaya daga alamomin da take lissafawa shi ne komawa domin farauto abin da aka rasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2024 cewa kimanin kashi 1.2 cikin ɗari na baligan duniya na fama da wannan lalura. Wanda ya rasa dala 300 a teburin 4-8 ya san sai ya yi sa'o'i kafin ya maido su. Wanda ya rasa su a teburin 1-2 ya san rabo guda na iya maido su, kuma gaskiya ne, shi ya sa tashi daga kujerar ke masa wuya.

A inda ake aiki da shari'ar Musulunci wannan muhawara ba ta da gurbi, domin haramcin caca bai bambanta ƙaramin zubi da babba ba, kuma a kan haka ne hukumar Hisbah ta jihar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallon ƙafa a watan Oktoban 2024. Amma hukuncin da kotun ƙolin Nijeriya ta yanke a watan Nuwamban wannan shekarar, wanda ya ce jihohi ne ke da hurumin tsara harkar caca ba gwamnatin tarayya ba, ya ajiye ƙasar a kan turba irin ta Amurka, inda kowace majalisar jiha ke yanke shawarar ko za ta halatta, da kuma iyakar da za ta sa in ta halatta. Tarihin Florida da Colorado ya nuna cewa iyakar da aka sa a ranar farko domin kwantar da hankalin jama'a ita ce ake fara neman ɗagawa da zarar baitulmali ya ɗanɗana harajin.

A Amurka dai teburori masu iyaka ba su ɓace ba. Ana samun su a manyan ɗakunan kartar Kalifoniya da wasu gidaje a Las Vegas, inda galibin masu zama kansu dattawa ne da suka san juna, da kuma keɓaɓɓun ɗakunan da attajirai da ƙwararru ke jujjuya wasanni. Amma jari ya riga ya nuna inda ya karkata. A 2024 kamfanin Caesars ya sayar da sunan gasar duniya ga kamfanin NSUS, mai dandalin GGPoker na intanet, a kan dala miliyan 500. A ranar 17 ga watan Yulin wannan shekarar kuma aka rufe gidan cacar Mirage, wanda ɗakin kartarsa ya kasance cibiyar manyan wasanni masu iyaka tun daga 1989 har zuwa buɗe Bellagio a 1998. Kamfanin da ya saye shi domin sake gina shi shi ne Hard Rock, mallakar ƙabilar Seminole ta Florida.